Murfi Shida da Zabin Goggo Tasalla

Jiya na yi wani mafarki, ba ma da dare ba, da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, ina kwance a gindin darbejiyar da ke bakin filin ƙwallon garinmu. Tun da na farka bakina bai huta ba. Na ba matata labarin, na ba mai shayi, har liman na tare a hanya, ya ce in je in sha ruwa in huta. To ku ma sai kun ji.

Amma bari in fara gaya muku halin da na kwanta a ciki. Sunana Nomau, 'yan ƙwallo suna ce min Baba Gadina. Shekara goma sha tara ina kula da ciyawar filin Kwanar Marke. Ni na dasa kiri-kirin nan da hannuna, tushe-tushe, tun wurin yana fako, ko akuya ba ta tsayawa ta shinshina. Ranar Asabar ake buga wasan ƙarshe na cin kofi a filin, baƙi za su zo daga garuruwa bakwai. Sai ga ciyawar gaban ragar gabas ta fara yin rawaya. Ranar Litinin faɗin tabarma ce, kafin Laraba ta kai faɗin ɗaki. In ka kama ta sai ta taso gaba ɗaya kamar tsohon kafet, babu saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi kuwa gwazarma ce, tsutsar nan fara mai ƙiba ta cikin taki, sun lanƙwashe suna sharar barci abinsu.

Ciyaman ɗin kwamitin fili, Alhaji Mijinyawa, ya zo ya zunguri wurin da bakin takalminsa. Ya ce, "Nomau, in baƙi suka ga wannan ranar Asabar, ciyawar roba za mu shimfiɗa. Roba kuwa ba ta buƙatar gadina." Ya shiga mota ya bar ni tsaye da hula a hannu.

Ban zame ko'ina ba sai shagon Ɗanliti mai maganin feshi. Ya miƙo min kwalba ya ce, "Baba, murfi ɗaya a tanki. Ɗaya fa. Kuma ka bari rana ta yi sanyi." Na ce to. A raina na ce shida. Mu masu feshi haka muke, in an rubuta ɗaya a jikin kwalba, gani muke wanda ya rubuta bai san ƙwarin garinmu ba.

Na dawo na cika tanki da ruwa, na ajiye kwalbar a gefe. Ina ɗagowa sai na hango zabin Goggo Tasalla sun ɓullo ta ƙarƙashin shinge. Gidanta yana jikin filin, zabi goma sha ɗaya gare ta, kuma shekara biyu ke nan muna rigima a kansu, don na tsani in ga ana tona min ciyawa. Akwai wata zabuwa da na taɓa samu da dutse a ƙafa, har yau ɗingishi take. Na rarumi tsakuwa na watsa musu, suka tashi firr suka haye shinge. Goggo ta yi ta faɗa daga cikin gida, ban kula ta ba. Na tara duwatsu uku kusa da kaina, na kwanta jiran la'asar.

Sai ga ni tsaye a wani fili marar iyaka, tankin feshi a bayana, har an riga an haɗa, murfi shida cif, yana kaɗawa duk inda na juya.

Jama'a, ciyawa! Kai! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Na cire takalmi na taka, ƙafata ta nutse har idon sawu. Na durƙusa na shinshina, na tsinki ganye ɗaya na tauna. Na ja wani tushe da hannu biyu da dukan ƙarfina, ko gezau, saiwa ta kama ƙasa ta ƙi saki. Na yi tsalle na ce, wallahi ko aljani ne yake kula da wurin nan sai ya ba ni sirrin kafin Asabar.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama. Mutane sun juya lemarsu sun tsaya a ciki, suna tafiya da ɗan tsalle. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata ko ɗigo babu. Na tsayar da wani mai wucewa.

"Malam, ina ruwan nan yake zuwa?"

"Sama mana," in ji shi. "Fari suke yi bana."

Na ce Allah ya kyauta, ya ce amin, ya yi gaba.

A gefe guda an jera mutane a kan benci, wani tushen kiri-kiri ya hau kujera da almakashi yana yi musu aski. Da ya gan ni sai ya kaɗe tsummansa.

"Baba Nomau, zauna."

"Ka san ni ne?"

"Duk Talata kake yi min ƙwal-kwabo da injinka, ba zan san ka ba?"

Na yi maza na dafe kaina. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, su a nan kashi ɗaya cikin uku kawai suke ragewa, don kada rana ta dafa wa mutum ƙeya. Ya ɗan tsittsinke min saman gashi, ya gyara min gemu, ya nuna min madubi, na ga bayan kaina yana murmushi. Na tambaye shi wa ke da sirrin korennan. Ya ce in je Ma'aikatar Ciyawa, hawa na uku a ƙasa.

Ina cikin ofis. Fanka tana tsaye, ɗakin ne yake juyawa a hankali. A bakin ƙofa wata jar akuya ce sakatariya, ta sa tabarau, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana cin fayil.

"Rubuta buƙatarka," in ji ta, bakinta cike. "Takardar da aka cinye ita ce aka amince da ita. Wadda ta yi ɗaci a mayar wa mai ita."

Na rubuta da sauri: ni Nomau ina neman sirrin koren ciyawa, cikin gaggawa. Ta karɓa, ta shinshina, ta ɗan gutsuri gefe, ta furzar.

"Warin magani take yi. Shiga ka ga Darakta."

Darakta wani ƙaton bunsuru ne, ya kafa hular Alhaji Mijinyawa, har da agogon Alhajin a ɗaure a ƙaho. Muryar ma tasa ce. Na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu awaki ne suke kula da ciyawa?"

"Wa ya kai mu son ciyawa ta daɗe?" in ji shi.

Gaskiyarsa ce kuwa. Na gaya masa damuwata tun daga faɗin tabarma har faɗin ɗaki. Ya gyaɗa kai, ya jawo wani ƙaton littafi, ya ce wannan shi ne littafin ƙwari, an jera su gwargwadon ɓarnarsu. Ya lashi kofato ya fara buɗewa daga baya.

"Fara, shafi na tara. Gara, shafi na huɗu. Gwazarma, shafi na biyu."

"Yauwa!" na ce. "Su ne! To wane la'ananne ne a shafi na ɗaya?"

Ya juyo min da littafin. Hotona ne, da hulata ta sallah. A ƙasa an rubuta: Nomau, ƙwaro mai ƙafa biyu. Yana fitowa da sassafe. Ba ya jin magana. Ba a samo maganinsa ba tukuna.

Ina! Nan fa na tashi. Na buga tebur na ce ni? Ni da na ɗebo ruwa a ka shekarar da famfo ya lalace? Ni da ban taɓa yin sallar idi a ƙauyenmu ba don kada a taka min fili? Na ce a kira min wanda ya rubuta wannan ƙazafin mu haɗu ido da ido. Darakta bai ko ɗago ba. Ya dangwala kofato a tawada, ya buga min a goshi, ya ce wa sakatariya, "Kai shi ya gaisa da 'yan hayarsa."

Ina ƙarƙashin ƙasa. Wata doguwar rumfa ce, saiwoyin ciyawa suna reto daga rufi kamar taliyar da aka shanya. Ta jikin ƙarfen da ya huda rufin na gane ƙarƙashin ragar gabas nake. An shimfiɗa tabarmi, gwazarma sun cika wurin maƙil, kowacce ta kishingiɗa tana miƙa baki tana tsinko saiwa. Da suka gan ni sai kiɗa ya tashi. Ba su da hannu, don haka ciki suke bugawa a ƙasa, shi ne tafinsu. Wani maroƙi a cikinsu ya miƙe a kan wutsiya ya kware murya.

"Ga direba ya iso! Nomau mai baro! Nomau mai hannun kyauta! Wanda ya ɗauko mu daga kasuwar shanu, sawu ashirin, bai ce mu ba shi ko ruwa ba!"

Ba zan ɓoye muku ba, kirarin ya yi min daɗi. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa yi min kirari. Har na ɗaga hannu ina amsawa kafin maganar ta shiga kaina.

Aka kai ni gaban uwar ɗakinsu, wata gwazarma mai kaurin cinyata, ta sha jan baki. Ta ce in zauna, ai gida na zo.

"Ka tuna ɗanyen takin da ka kwaso da bazara? Muna ƙwai a ciki. Da ka tara shi ya ruɓe, ka riƙa juya shi a rana, da tsuntsaye sun tsince mu tun a can. Allah ya sa kana sauri."

Na tuna sarai. Ranar ma Goggo Tasalla ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Nomau, takin nan bai nuna ba." Na ce mata ta je ta ji da zabinta.

"Sai kuma feshin bara," in ji uwar ɗakin. "Allah ya saka da alheri. Kwaɗi suka mutu, bushiya ta yi ƙaura, balbela ta daina sauka. Danginmu da suke nan suka ɗan nutsa ƙasa suka yi barcin kwana uku, suka taso suka tarar gari ba ɗan sanda ko ɗaya. Zabin nan ne kawai suka rage mana, su ma kana yi mana maganinsu kullum. Yau murfi nawa ka haɗo?"

Bakina ya amsa ba da izinina ba. "Shida."

Sai guɗa. Ayyiriri! Rumfar ta ɗauka, ƙasa tana zubowa daga rufi. Wata ƙaramar gwazarma ta suma don murna, aka yi ta yi mata fifita da ganye.

Na ja da baya, kunya kamar in tone rami a cikin ramin. A can lungu na ga wata tsohuwar tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, siririya, ta ɗaura ɗan tsumma a ka, tana jan wata 'yar garma ita kaɗai. Na gaishe ta. Ba ta tsaya ba.

"Da mu dubu ne," in ji ta. "Mu muke huda ƙasar nan iska ta shiga, ruwa ya sami hanya. Tun feshin bara ni kaɗai nake wannan ɓangaren, daga nan har tsakiyar fili."

"Iya, ki yi min rai. Filin da na gani a sama, mene ne sirrinsa?"

"Babu wani sirri. Ma'aikata ne. Can ba a kore su ba."

"To na Asabar fa? Kwana uku ya rage!"

"Yanko ciyawa daga bayan raga ka yi faci, wa yake kallon bayan raga? Amma muddin waɗannan suna nan, facin ma kalacinsu ne." Ta share gumi da wutsiya. "In za ka yi sauri ka yi. Motar ma'aikata ƙarfe huɗu take tashi."

Ina tasha. Mota ɗaya ce tak, kaya suna zaune a kan kujeru, fasinjoji suna kan rufi. Kwaɗi sun riƙe 'yan akwatunansu. Bushiya ta sami fili mai yawa ita kaɗai, don ba mai son zama kusa da ita. Balbela ce kwandasta, ta maƙale a ƙofa da ƙafa ɗaya. Ga zabi goma sha ɗaya a jere, kowacce da bandeji, wata a ka, wata a fiffike. Direba kuwa Goggo Tasalla ce, ta ci ɗamara da gyale, ta riƙe sitiyari da hannu ɗaya.

Na tambayi balbela, "Ina motar nan za ta?"

"Inda ba a jifa. Saura mutum ɗaya, amma ban da kai."

Na zagaya wajen direba da gudu, tanki yana dukan bayana. "Goggo! Goggo, ki yi wa Allah ki kashe motar nan. Filina zai mutu."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Au, yau Goggo ce? Ba tsohuwa mai zabi ba? Sauke abin da ke bayanka tukuna, warinsa yana sa fasinjojina tari."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na kwance igiya ɗaya zan dire tankin, sai ƙasar wurin ta matsa gefe ta bar rami. Na matsa, ta sake matsawa. Na ruga wajen wata rijiya, ta sa hannu ta rufe bakinta. Na je bakin kwata, kwatar ta tattare ruwanta ta ce, "A'a Baba, ni rafi zan je, can mata suke wanki, shanu suke sha." Na juya gabas, na juya yamma. Duk faɗin ƙasar nan babu inda ya yarda ya karɓi murfi shidan nan, sai bayana.

Sai na ji usur.

Ashe tashar a bakin filina take. Filina ne sosai, ga darbejiya, ga shinge, ga ragar da na ɗinke da igiyar buhu. 'Yan kallo sun cika, sun juya wa fili baya suna kallon bango, suna ta ihu. Daga ragar yamma kuwa Darakta ne da awakin kwamiti, sun sa kai suna tura wani ƙaton naɗi na ciyawar roba, yana warwarewa a kan tawa. Duk inda ya rufe sai wurin ya yi tsit, ko kukan gyare babu. Awakin suna turawa suna hawaye. Na ji sakatariya tana cewa, "Ranka ya daɗe, in mun gama me za mu ci?" Ya ce, "Tura kawai, kwamiti ya zartar."

Naɗin ya wuce tsakiyar fili. A gaban ragar gabas, gwazarma sun leƙo da kawunansu ta cikin rawayar ciyawa, suna kaɗa min 'yan tutoci masu hotona. Maroƙin nan ya hango ni ya ce, "Direba! A ƙaro mana taki!"

Jama'a, nan zuciya ta ɗebe ni. Na manta tsohuwar tana, na manta Goggo, na manta littafi. Na ruga gaban raga, na kama hannun famfon tankin na yi ta bugawa har ya yi tauri, na saita bakin a kan uwar ɗakinsu, na ce yau ko ni ko ku. Na matsa.

Na manta a ƙasar nan ruwa sama yake yi.

Murfi shidan nan gaba ɗaya suka juyo suka wanke min fuska. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Idona ya yi yaji, hancina ya toshe, na faɗi zaune. Da na shafa haɓata sai na ji gemuna ya bushe ƙamas. Gemun da na yi shekara talatin ina shafa wa mai! Ya yi rawaya, na ɗan ja shi, ya taso gaba ɗaya a hannuna, ba saiwa ko ɗaya. Wanzamin kiri-kirin nan ya zo wucewa da almakashinsa, ya leƙa fuskata ya ce, "Wannan dai ba aikina ba ne."

Tankin ya zama wayam, ya zame daga kafaɗata da kansa. Na ji mota ta tayar. Na rarrafa na kama tayar gaba, gemuna a hannu ɗaya, ina kuka wiwi, ba kunyar kowa.

"Goggo, na tuba. Kin gaya min taki bai nuna ba, na ƙi ji. Na tuba."

"Ni ka jefa?" in ji ta. "Ga wadda ka jefa can."

Gurguwar zabuwar nan ta sauko daga rufin mota a hankali, tana dogara sandar tsinken tsintsiya. Ta tsaya a gabana, ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya. Ban san yadda ake ba zabuwa haƙuri ba, sai na yi yadda na iya. Na cire hula.

"Ranki ya daɗe, na cuce ki."

"Ka cuce ni."

"Na ɗauka ɓarna kuke yi min."

"Ka taɓa zuwa ka duba abin da muke tonowa?"

"Ban taɓa ba."

"Shekara biyu," in ji ta, "kullum mu zo aiki, kullum a biya mu da dutse." Na ji ƙarar naɗin roba yana matsowa. Sannan ta ce, "Je ka jiƙa mana ƙasar sosai, su taso sama. In ka gama ka koma gefe ka zauna a kan hannuwanka."

Ban san na iya gudu haka ba. Na kai bakin famfo na murɗa shi har ƙarshe. Ƙasa ta yi gurnani, ruwa ya ɓalle daga ƙarƙashin ragar gabas, ya ɗago gwazarma sama kamar gugguru a kasko, da tabarminsu, da gangunansu, da hotunana. Balbela ta busa usur. Zabi suka warware bandeji, ashe a ƙarƙashi rigunan ƙwallo ne masu ɗigo-ɗigo, su goma sha ɗaya cif, kwaɗo ɗaya ya shiga raga don ko ta kwana. 'Yan kallo suka juyo gaba ɗaya.

Na zauna a kan hannuwana yadda aka ce, amma baki ba a ce in zauna a kansa ba. Na ce, lamba bakwai, ga ta nan a hagunki! Kai, ta cafke! Lamba huɗu ta haɗiye maroƙi yana tsakiyar kirari! Bushiya ta diro daga mota ba wanda ya gayyace ta, ta bi layin gefe tana share abin da ya tsere. Goggo tana danna hon. Tsohuwar tana ta leƙo da garmarta tana cewa a yi a hankali kada a haɗa da ita. Duk inda aka tsince, sai in ga kore yana dawowa yana bin sawun zabi. Ina ihu ina tsalle da gindi, har Darakta ya daina turawa ya ce, "Wa ke ci ne?" Amma naɗin roba ya riga ya sami gangara, yana tafiya da kansa. Saura taku goma. Saura taku biyar.

Gwazarma ɗaya ta rage, uwar ɗakin. Ta dunƙule ta zama kamar ƙwallo, daidai wurin bugun fanareti, ta fara nutsewa ƙasa. In ta shige, shi ke nan, za ta sake cika rumfar. Zabi goma suka ja baya, suka buɗe hanya. Gurguwar ta yar da sandarta. Filin ya yi tsit. Ta tako da ɗingishinta, ta tsaya a kan wurin, ta ɗaga lafiyayyar ƙafar ta fara tono. Ƙwas. Ƙwas. Saura taku biyu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido.

Ganyen darbejiya ne a samana, rana ta karkata, ana kiran la'asar a masallacin kasuwa. Na shafa haɓa, gemuna yana nan. Tanki yana nan da ruwansa, kwalbar Ɗanliti tana gefe, ko murfin ba a fasa ba. Amma ƙarar ba ta tsaya ba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Zabin Goggo ne. Sun ga na yi barci sun dawo, sun baje a gaban ragar gabas suna ɗaga matacciyar ciyawar suna tona. Abin da ya ba ni tsoro shi ne hannuna. Kafin in gama farkawa har ya riga ya ɗauki dutse ya ɗaga sama, shekara biyu ta koya masa. Gurguwar ce mafi kusa da ni. Ta ɗago kai, ga wata farar gwazarma tana mutsu-mutsu a bakinta. Ta dube ni da ido ɗaya, ba ta gudu ba, ta haɗiye.

Na sauke hannun a hankali, na ajiye dutsen, na zauna a kan hannun.

"Nomau!" Goggo Tasalla ce ta leƙo ta kan shinge, muciya a hannu. "Na gan ka! Wallahi ka sake taɓa min ko gashin ɗaya, yau sai mai unguwa ya raba mu!"

Na ƙirga su, takwas ne a fili. Na miƙe na nufi famfo ina jan tiyo, ina bin gefe-gefe don kada in firgita ma'aikata.

"Goggo," na ce, "ina sauran ukun? Sako su, Asabar ta kusa."